Tayar Gaba

Mahaifina mai gyaran keke ne a bakin kasuwar garinmu, can yammacin Kano, kuma a wurinsa na koyi cewa taya ba ta mutuwa. In ta huje a yi mata faci. In ta tsage a ɗinke ta da zaren dukawa, a shimfiɗa mata guntuwar tsohuwar taya daga ciki. In ɗinkin ya saki a yanko roba daga mataccen tif a naɗe wurin tam, mai keke ya hau abinsa ya tafi. Mutum zai kawo tayar da faci ya fi roba yawa a jikinta, Baba ya juya ta sau biyu ya ce, "Da sauranta." Doka ɗaya ce yake da ita wadda ba ya wasa da ita: taya mai lafiya a baya, mai rauni a gaba. Dalilin a fili yake. A baya ake ɗaure buhun dawa, a baya ake goya mutum, gaba kuwa ba ta ɗauke da komai sai hannuwan mai keke. Na sha ranƙwashi a kan dokar nan tun ina ƙarami har ta zauna mini daram.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, amma hannuna bai saba zama haka nan ba. Ban cika wata uku a unguwar Hayyin Ashir ba na samu wani shagon gyaran keke a bayan layinmu, na riƙa zuwa bayan an tashi daga darasi. Mai shagon wani tsohon Bamisire ne, kowa usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, wai da ƙuruciyarsa ya yi tseren keke. Shagon tsukuku ne, ƙafafun keke rataye a sama ko'ina, in ba ka sunkuya ba sai ɗaya ta gaisa da goshinka. Masu kawo masa aiki samari ne da ke fita tsere ranar Juma'a da safe cikin wasu matsattsun kaya da ni ko a ɗaki ba zan iya sa su ba. Kekunansu ba nauyi, da yatsa biyu za ka ɗaga, tayoyin kuma kaurinsu bai wuce babban yatsana ba.

Ranar farko na buga wa wata taya iska, na latsa da yatsa kamar yadda muke yi a gida, na ce ta yi. Usta ya karɓe famfon, ya nuna mini agogon awon iska da ke jikin famfon, ya ci gaba da bugawa har na ja da baya ina jiran ƙara. Iskar da ake ɗura wa waɗannan sirara ta ninka ta keken gida fiye da sau biyu. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar katako.

Inda na burge shi wajen miƙar da ƙafar da ta karkace ne. Wayoyin nan da ke riƙe da ƙafar keke, ni da kunne nake ɗaure su. In taɓa kowace in ji sautinta, wadda ta yi sako-sako in ƙara mata, wadda ta yi tsauri in sassauta, har ƙafar ta riƙa juyawa ba ta lilo. Usta zai tsaya ya kalla ya ce, yana kirana ɗansa da Larabci, "Hannunka mai kyau ne, ya ibni. Kanka ne mai tauri." Rabin farko na maganar nake ɗauka in bar masa sauran. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a nuna mini abin da nake ganin a cikinsa aka haife ni.

Wata rana wani ya kawo keke da sabuwar taya guda ɗaya, ya ce a sa masa. Ban tambayi kowa ba na sa ta a baya, na bar tsohuwar a gaba. Usta ya zo ya duba ya ce in cire.

Na ce, "Don me? Ai nauyin a baya yake."

Ya ce, "In ta baya ta fashe, za ka sauka ka tura kekenka zuwa gida. In ta gaba ta fashe, ɗauko ka za a yi."

Na ce mahaifina tun kafin a haife ni yake wannan sana'a, kuma ba a taɓa ɗauko kowa ba saboda shi. Usta ya zare tabarau ya dube ni.

"Keken babanka, da buhu a baya, gudun me yake yi? Waɗannan suna gangarowa daga dutse suna wuce mota. Yalla, maza cire."

Na cire, ina huci. A raina kuwa cewa na yi tsoho ne kawai mai son a ce ya fi kowa sani, kuma har ya sa bakinsa a kan mahaifina. Na yi kwana biyu ban sha shayinsa ba.

Abokin ɗakina mutumin Damagaram ne, mu duka Alaramma muke ce masa, don tun a gida ya haddace Alƙur'ani. Ni Bakano, shi Badamagare, saboda haka ba ranar da ba ma tsokanar juna. Shi ya ce mu Kanawa ko gaisuwa sai mun nemi ragi, ni in ce su Damagarawa sun zo Masar ganin ruwa ne. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, yana da 'yar wushirya. In yana karatu da safe ina daga kwance nake saurare, ban taɓa gaya masa ba, amma sau da yawa nakan fasa tashi don kada motsina ya katse shi.

Abin da ya zaunar da shi Alƙahira ijaza ce. Akwai wani tsohon shehi a kan dutsen Muƙaɗɗam, Alaramma yana karanta masa Alƙur'ani daga farko, kaɗan-kaɗan, shehin yana gyara masa fitar kowane harafi. In ya kai ƙarshe shehin zai rubuta masa shaida cewa ya ji karatunsa duka kuma ya yarda ya karantar. Shekara uku yana wannan hawa da sauka. Shehin yana zama ne da hantsi, kuma mutum biyar ɗin da suka riga zuwa su kaɗai yake saurara, sauran sai dai su zauna su ji na wasu. Daga Hayyin Ashir zuwa can mota uku ce, ga cunkoso. Sau tari Alaramma zai dawo ya ajiye jaka ya ce, "Yau ma na shida na zo."

Ni na ba shi shawarar keke. Muka je kasuwar Juma'a muka samo wani tsohon keken tsere mai lanƙwasasshen kai irin ƙahon rago. Usta ya duba shi ya ce ƙarfen lafiya lau, amma titunan nan da ramuka da yashi da fasassun kwalabe ba na siririyar taya ba ne. Ya ɗauko wasu masu ɗan kauri da ƙananan haƙora, irin na masu tsere a cikin laka, ya ce su suka dace da shi. Muka gwada, suka ƙi shiga, ƙarfen keken ya matse su. Dole aka bar masa sirara. Na zauna na ɗaure masa wayoyin ƙafafun nan biyu da kaina, na sa musu duk abin da na iya.

Ya riƙa fita bayan sallar asuba, jallabiya cuse cikin wando, jakar Alƙur'ani a baya. Nakan leƙo ta taga in ce, "Alaramma, a yi a hankali, wannan ba raƙumi ba ne!" Shi kuma ya ɗago hannu ba ya waiwayowa. Tun daga lokacin bai sake zuwa na shida ba, karatunsa ya riƙa tafiya.

Saura izu uku ya sauke sai labari ya zo cewa jikin shehin ya yi rauni, 'ya'yansa za su mayar da shi ƙauyensu can kudancin Masar ƙarshen wata, kuma ba dawowa zai yi ba. Kwana tara suka rage. Shehin ya ce wa Alaramma in yana zuwa da wuri kullum zai ƙara masa lokaci su gama. Ban taɓa ganin Alaramma cikin zumuɗi irin na ranar ba, har shi ya dafa mana shinkafa, abin da bai iya ba.

Washegari da la'asar sai ga shi ya turo keken shago. Wani ƙarfe ya yanki tayar baya a gefe, tsagar ta kai tsawon gaɓar yatsa, ana hango tif ta ciki. Usta ya sa yatsa ya buɗa wurin.

"Khalas, shi ke nan. Wannan ta mutu."

Alaramma ya ce, "To a sa wata, ya usta."

Babu irinta a shagon. Usta ya buga waya wuri biyu, aka ce sai mako mai zuwa. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya shekh, ka hau mota kwana kaɗan." Ya cire tayar ya jefa kan tarin matattu a bakin ƙofa. Al'adarsa in taya ta mutu yakan sa wuƙa ya raba ta biyu don kada wani ya tsinta. Ranar ana jiransa a gida, ya yi sauri ya fita bai yanka ba.

Alaramma ya tsaya yana kallon keken. Na san lissafin da yake yi: mota uku, na shida, kwana takwas. Ni kuma ina kallon tayar nan a kan tari, ga roba mai kyau, ko rabin ci ba ta yi ba. Na ji muryar Baba sarai. Na ɗauke ta na ce, "Taho mu je gida. Waɗannan mutanen ba su san wahala ba, shi ya sa komai sai su jefar."

A saman benenmu na yi aikin, wurin da ake shanya, rana ba ta faɗi ba tukuna. Na karɓo zare da basilla wurin wani mai gyaran takalma ɗan Sudan. Na ɗinke tsagar ƙanana-ƙanana, na yanko guntuwar tsohuwar taya na shafa sholisho na manna daga ciki. Ɗinki ne da ko Baba ya gani sai ya gyaɗa kai. Alaramma yana riƙe da keken yana tsokanata, wai yau ya ga Bakano yana aiki ba ciniki.

Da na zo mayarwa sai na tsaya. Na cire lafiyayyar tayar da ke gaba na sa ta a ƙafar baya, na ɗauki ɗinkakkiyar na sa a gaba. Alaramma ya tambayi dalili, na ce nauyinsa a baya yake, kada ɗinkin ya sha wuya. Ya ce haka ne, su ma a Damagaram haka ake yi. Maganar usta ta zo mini a lokacin, ba zan ce na manta ba. Ta zo, na ture ta, don ina jin haushin mai maganar.

Na buga iska da famfon shago da na aro, har allurar agogon ta kai inda ake so. Sai na ga wurin ɗinkin ya ɗan taso, kamar ƙaramin maruru. Na sa babban yatsa na danne shi, na juya ƙafar yadda kumburin zai koma ƙasa.

Alaramma ya ce, "Yaya, Bakano? Ta yi?"

Na ce, "Tamam." Wato ta yi daidai.

Kwana huɗu tayar tana kai shi tana dawo da shi. Kullum in ya shigo sai in ce, "Ina usta yake ya zo ya ga matacciya tana tafiya?" Ya karanta izu biyu a kwanakin nan. Saura ɗaya, na ƙarshe, mai gajerun surorin da kowane yaro ya iya.

A rana ta biyar ina tsaye wurin mai ful, dafaffen waken nan nasu, ina karin kumallo wayata ta yi ƙara. Lambar Alaramma ce, amma muryar wani Bamisire ce, yana magana da sauri. Abin da na fahimta kawai shi ne gangaren Muƙaɗɗam, da keke, da asibiti. Na bar kwanon a wurin.

Yana saukowa ne daga wurin shehi, wanda ranar jiki bai bar shi ya zauna ba, a kwanar da gangaren ya fi tsanani, tayar gaba ta fashe. Waɗanda suka gani sun ce keken tsayawa ya yi cak, shi kuma ya wuce ta saman kan keken ya sauka da fuska a gefen titi. Da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi ban gane shi ba sai ta ƙafafunsa. Muƙamuƙinsa ya karye wuri biyu, haƙoran gaba na sama guda huɗu sun tafi, an ɗinke masa harshe. Likita ya ce za a ɗaure bakin da waya, mako shida ba magana, ba tauna.

'Yan uwa ɗalibai suka cika asibitin, 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara ce, Allah Ya sa kaffara ne, Allah Ya kiyaye gaba. Har ni ake yi wa sannu, ana cewa Allah Ya saka mini da irin ɗawainiyar da nake yi. Ina amsawa da amin. Ban taɓa ƙin kaina irin na kwanakin nan ba.

Wani ɗan uwa ya ɗauko keken a saman mota ya kai shago. Ƙafar gaban ta naɗe, wayoyin da na ɗaure da kunnena sun tsintsinke. Usta ya tsuguna ya bi tayar da yatsa har ya kai inda ta yage, ga guntayen zarena a bakin yagar. Na tsaya ina jira ya zage ni, wallahi so nake ya zage ni, ko ya ɗauki sifana ya jefe ni. Sai ya ɗago.

"A gaba?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya cire tayar, bai yanka ta ba, ya rataye ta a ƙusa daidai saman bencin da nake aiki. Bai kore ni ba, kuma bai sake cewa hannuna mai kyau ne ba.

Saura kwana biyu a tafi da shehin na hau Muƙaɗɗam da kaina. Na same shi a kan kujera an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Na durƙusa na yi masa bayani, na ce izu ɗaya ne ya rage, kuma ya san Alaramma ya iya shi, ya taimaka ya rubuta masa. Tsohon ya yi kuka, ya yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Ya ibni, ijaza shaida ce. Ba zan shaidi abin da kunnena bai ji ba. In ya warke ya same ni a ƙauye, ko ina kwance zan saurare shi." Na fito ina jin haushinsa, alhali na san gaskiya ya faɗa. A motar dawowa na ga kwanar, ba wata alama a wurin, motoci suna ta wucewa.

Ni na yi jinyarsa. Ina dama kunu in tace, ina dafa miyar adas, ƙananan waken nan, in tace, yana zuƙa da tsinken roba ta gefen baki. In yana son abu sai ya rubuta a takarda. Bai taɓa rubuta kalma ɗaya a kan taya ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da safe ɗakin shiru, ina kwance ido biyu, ba abin da zan saurara. A mako na biyar aka aiko cewa shehin ya rasu. Na karanta masa saƙon, ya juya fuskarsa bango.

Bayan an cire wayar aka sa masa haƙoran roba. Magana ta dawo, amma wasu haruffa sun ƙi zama, waɗanda harshe ke jingina da haƙoran gaba kafin su fita. Iska takan kuɓuce masa da ɗan fito. Ya je wurin wani shehin, aka ce masa sai dai ya faro daga farko, kuma sai bakin ya daidaita. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa, mahaifinsa kuma yana ta kira. Ya ce zai koma gida.

Ranar tafiyar da hantsi, akwatinsa a ɗaure a bakin ƙofa, na ce masa ya zauna ina da magana. Na gaya masa abin da bai sani ba. Na ce usta ya taɓa gaya mini ƙarara cewa ba a sa mai rauni a gaba a irin wannan keke, kuma na tuna a lokacin, na ƙi. Na ce na ga kumburin, na danne da yatsa, na juya shi ƙasa don kada ya gani. Na ce ya yafe mini in zai iya, in ba zai iya ba ma ban ga laifinsa ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya buɗe jakarsa ya ciro Alƙur'aninsa ya miƙo mini.

"Buɗe izun ƙarshe. Ban taɓa karanta wa kowa shi a garin nan ba. Ka riƙe mini."

Na ce ni wa, ni da ko rabin abin da ya sani ban sani ba. Ya ce, "Kana da kunne. Riƙe."

Ya gyara zama ya fara. Muryar tana nan yadda take. Amma kunnen nan nawa da ke jin waya ɗaya mai sako-sako cikin talatin bai bar ni ba. Ina jin duk inda iska ta zurare, duk inda harafi ya zame ya faɗa kan ɗan uwansa. Ya bi surorin ɗaya bayan ɗaya bai tsaya ba, ni kuma hawaye na ɗiga a kan hannuna, ina kawar da Littafin gefe don kada su taɓa shi. Ya kai ƙarshe ya shafa.

"Yaya, Bakano? Ya yi?"

Kalmar "tamam" tana bakina, ta riga ta taso. Na haɗiye ta.

Na ce, "Bai yi ba, Alaramma."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya karɓi Alƙur'aninsa ya mayar cikin jaka ya ja zif.

"Da haka ka ce mini ranar nan a saman bene, da na hau mota."

Mai tasi ya yi hon a ƙasa. Na ɗauki akwatin na sauka da shi hawa huɗu, yana biye da ni.